Littattafan Da Suka Yi Tashe A Karkarar Arewacin Kano: Waiwaye Kan Tarihinsu Da Tasirinsu

1.0 Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka al'ada ce ta kamfanonin ɗab'i da 'yan jarida su riƙa fitar da jerin sunayen littattafan da suka fi samun kasuwa, inda akan auna darajar littafi da yawan kwafin da aka sayar. Wannan ma'auni ya dace da ƙasar da kowa ke sayen littafinsa, ya shige ɗaki ya karanta shi kaɗai. Idan aka ɗauko shi aka aza a kan ƙauyukanmu, sai a zaci mutanen karkara ba su da wata hulɗa da littafi, alhali kuwa abin ba haka yake ba.

A cikin wannan maƙala zan yi ƙoƙarin bin diddigin littattafan da suka shiga gidajen manoman arewacin Jihar Kano suka zauna, a fannoni uku, wato addini da kimiyya da ƙagaggun labarai. Abin da nake son mai karatu ya riƙe shi ne, a wannan yanki littafi yakan yi tasiri ne gwargwadon yawan kunnuwan da suka saurare shi. Kwafi guda a hannun malamin zaure ko ɗalibar makarantar kwana yana iya isar da saƙonsa ga unguwa sukutum. Saboda haka duk littafin da ya sami mai karanta shi a bayyane, da wurin zaman da za a saurare shi, ya rayu. Wanda bai samu ba kuwa, komai darajarsa, ya tsaya a aji ko a kanta.

2.0 Yanayin Yankin

Yankin da nake magana a kansa ya ƙunshi ƙananan hukumomin Ungogo da Dawakin Tofa da Tofa da Bichi da Bagwai da Tsanyawa da Kunci da Ɗambatta da Makoɗa da Minjibir da Gezawa da Gabasawa. Ƙasa ce wadda gona ke jikin gona, ƙauye ke hango ƙauye, kuma saboda yawan jama'a ba a cika barin gona ta huta ba, kowace shekara sai an nome ta. Tun cikin shekarun 1960 masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazari a gundumar Ungogo, inda ya nuna yadda manoma ke kai itace birni a kan jakuna a lokacin rani, su komo da taki domin gonakinsu.

Wannan zirga-zirga tsakanin ƙauye da birni tana da muhimmanci ga tarihin littafi. Hanyar da itace da hatsi da gyaɗa da sawayen Minjibir suka bi suka shiga Kano, ita ce takarda da littafi suka biyo suka fito. Bugu da ƙari, rani a nan yakan ɗauki wata bakwai ko fiye, kuma shi ne lokacin karatu. Da an gama girbi, an kai amfani rumbu, sai gardawa su tafi ci-rani neman ƙarin karatu, magidanta kuma su koma zauren malam. Ke nan shekarar manomi a rabe take biyu, damina ta fartanya, rani na allo da littafi.

3.0 Littattafan Addini

3.1 Zuwan Littattafai Ƙasar Kano

Littafin Tarihin Kano, wanda ya jero sarakuna tun daga Bagauda, ya kula ƙwarai da ambaton littattafai da waɗanda suka zo da su. Ya nuna cewa Wangarawa sun zo daga Mali a zamanin Sarki Yaji (1349 zuwa 1385). A zamanin Sarki Yakubu (1452 zuwa 1463) Fulani suka zo da littattafan tauhidi da lugga, domin kafin nan abin da ake da shi, ban da Alƙur'ani, shi ne littattafan fiƙihu da hadisi. A zamanin Muhammadu Rumfa (1463 zuwa 1499) Shehu Magili ya sauka Kano, ya rubuta wa Sarki littafi a kan wajiban masu mulki. Haka kuma a zamanin Muhammadu Kisoki (1509 zuwa 1565) an ambaci zuwan littafin Ashafa na Alƙali Iyal, da Mudawwana da Jami'us Sagir. Irin wannan kulawa tana nuna cewa magabata sun ɗauki isowar littafi a matsayin abin tarihi, daidai da cin yaƙi ko gina ganuwa.

Daga birni waɗannan littattafai suka watsu zuwa karkara ta hannun malamai masu yawon karatu. Jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya fara a 1804, ya ƙara wa wannan yaɗuwa ƙarfi, domin shugabanninsa a ƙasar Kano malamai ne, kamar Malam Dabo Dambazau wanda zuriyarsa ke riƙe da sarautar Sarkin Bai, aka kuma san su da ƙasar Ɗambatta. Ta haka littattafan Shehu da na ƙaninsa Abdullahi da na ɗansa Muhammadu Bello, da waƙoƙin wa'azi na ajami, suka shiga cikin abin da ake karantawa a zaurukan yankin.

3.2 Alƙur'ani Da Littattafan Zaure

Babu wani littafi da za a haɗa da Alƙur'ani mai girma wajen yaɗuwa a wannan yanki. Abin lura a nan shi ne yadda ya yaɗu. Shekaru aru-aru yaro ba ya fara karatu da bugaggen littafi, sai da allo da tawada da alƙalamin kara, a bisa ruwayar Warshu. Cikakken Alƙur'ani kuwa alarammomi da gwanaye ne ke rubuta shi da ka, a kan falle-fallen takardun da fatake ke kawowa ta hamada, a sa shi cikin tadarishi, a adana a gafaka. Rubutun kan ɗauki watanni, kuɗinsa kuma ya fi ƙarfin talaka, don haka sau da yawa kwafi ɗaya ne a gida babba, ana gadonsa kamar yadda ake gadon gona.

Wanda ya sauke Alƙur'ani ya so ƙarin ilimi sai ya shiga karatun littattafai, wanda ke da tsani sananne. Akan fara da Ƙawa'idi, a shiga Ahalari, sai Ishmawi, sai Iziyya, sai Risala ta Ibn Abi Zaid mutumin Ƙairawan wanda ya rasu a 996, sai Askari, mai dogon zango kuma ya kai ga Muhtasar na Halilu. A fannin hadisi akwai Arba'una ta Nawawi da Muwaɗɗa ta Imamu Malik, a nahawu akwai Ajurumiyya, a lugga kuma akwai Muƙama ta Hariri. Malam yakan karanta Larabcin gaɓa-gaɓa yana fassarawa da Hausa, ɗalibi yana bi da ido, sauran jama'a suna saurare. A ganina Ahalari, wanda Abdurrahman Al-Ahdari mutumin Aljeriya ya wallafa a ƙarni na 16, shi ne ɗan ƙaramin littafin da ya fi kowane tsara rayuwar yau da kullum ta mutanen yankin. Yadda manomi ke alwala, da yadda yake gyara sallarsa da ƙabli ko ba'adi in ya yi rafkanwa, akasari daga Ahalari ne, ko da shi kansa bai taɓa riƙe littafin ba.

Haka abin yake ga Tafsirin Jalalaini, wanda da shi ake tafsirin watan azumi a masallatan garuruwa, mai jan baƙi yana ja, malam yana fassara. Ishiriniya ta Alfazazi da Burda da Dala'ilul Hairati su ne na Maulidi da daren Juma'a da tarukan farin ciki. Bayan da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyas a aikin Hajji na 1937, Diwanin Shehun ya bi zawiyoyin Tijjaniyya ya shiga ƙauyuka. A ɓangaren Hausa kuwa, waƙar Infiraji ta Aliyu Namangi na Zariya ta kai inda bugaggen littafinta bai kai ba, domin makafi sun haddace ta suna rerawa a kasuwanni da ƙofofin gidaje.

3.3 Zuwan Ɗab'i

Isowar jirgin ƙasa Kano a 1911 da bunƙasar cinikin gyaɗa da sauƙin tafiya aikin Hajji sun kawo sauyi. Littattafan bugun Misira, musamman na maɗaba'ar Halabi ta Alƙahira, suka fara cika rumfunan 'yan littattafai a Kasuwar Kurmi. Sai dai idon mutumin da ya tashi a makarantar allo ya saba da rubutun gida mai kauri, bugun Gabas yana yi masa wuyar karantawa. Dabarar da 'yan kasuwar Kano suka yi ita ce su sa gwanin rubutu ya rubuta littafi da hannu, a ɗauki hotonsa a maɗaba'a, a buga dubbai a takarda mai araha. Ta haka rubutun mahira irin su Sharif Bala Gabari ya shiga hannun almajiran da ba su taɓa ganinsa ba. Wannan ita ce kasuwar littafi ta farko da ta kai ga talakan ƙauye, kuma har yau duk wanda ya zaga kasuwar Ɗambatta ranar Lahadi zai tarar da mai shimfiɗa da Ahalari da Iziyya da izu-izu na Alƙur'ani, kusa da masu carbi da turare.

Daga baya fassara ta shigo da rubutun boko. Ibada da Hukunci na Alhaji Haliru Binji ya zama littafin addini na 'yan firamare tun daga shekarun 1950. A 1979 aka buga tarjamar ma'anonin Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Mahmud Gumi, daga baya kuma ta Shehu Nasiru Kabara mai suna Ihsanul Mannan ta fito. Yaɗuwar makarantun Islamiyya, musamman na matan aure, daga shekarun 1980, ta shigo da littattafai irin su Bulugul Marami da Riyadus Salihina da Hisnul Muslim cikin ɗakunan da a da sai dai a jiyo karatu daga zaure. Wannan sauyi ya zo da muhawara tsakanin malaman ɗariƙu da na Izala, wadda aka kafa a 1978, kuma kowane ɓangare da littafi ya kafa hujja.

Ya kamata a ambata cewa an kammala fassarar Littafi Mai Tsarki na Kirista da Hausa a 1932, aikin da Dokta Walter Miller na Wusasa ya taka rawa a cikinsa. Masu karanta shi a wannan yanki ba su da yawa, akasari Hausawa Kirista ne da ma'aikatan wuraren mishan irin asibitin kutare na Yadakunya a ƙasar Ungogo.

4.0 Littattafan Kimiyya

4.1 Kimiyyar Malaman Zaure

Kuskure ne a ɗauka cewa kimiyya ta fara shiga karkara ne da zuwan boko. Malamai sun daɗe suna karantar da hisabi saboda rabon gado da fitar da zakka, da ilimin taurari saboda sanin alƙibla da lokutan shekara. Ƙasar Hausa ta fitar da masana a wannan fanni, kamar Muhammadu Al-Kashinawi mutumin Katsina, wanda ya yi rubuce-rubuce a kan lissafin hatimai, ya rasu a Alƙahira a 1741. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ma ya yi wallafe-wallafe a kan magunguna, kuma littafin Arrahma fiɗ-Ɗibbi, wanda ake jingina wa Suyuɗi, ya daɗe a shimfiɗun masu sayar da littattafai.

Abin da ya fi shafar manomi shi ne lissafin taurari. An raba shekara zuwa taurari 28, kowace tana da kwana 13, ban da Jabha mai kwana 14, jimla kwana 365. Bakwai na damina ne, bakwai na kaka, bakwai na ɗari, bakwai na bazara. Taurarin damina su ne Haƙa'a da Hana'a da Zira'a da Nasara da Ɗarfa da Jabha da Harsan. Malamai sun tsara wannan lissafi a waƙe da ajami domin sauƙin hadda, suna kuma haɗa shi da watannin ajam, waɗanda ke bin rana. Manomi kan tambayi liman wace tauraruwa ake ciki kafin ya yanke shawarar yin shuka ko binne, ko kuma ya san ko lokacin shukar wake ya ƙure. Waɗannan 'yan takardun ajami ba su da suna a jerin manyan littattafai, amma da su aka riƙa tsara aikin gona a dubban gidaje.

4.2 Kimiyya Da Rubutun Boko

A 1909 Hanns Vischer, wanda Kanawa suka laƙaba wa Ɗan Hausa, ya buɗe makarantar boko ta farko a Nasarawa. Ƙarancin abin karantawa ya sa aka kafa Hukumar Fassara a 1929, wadda ta koma Hukumar Talifi a Zariya ƙarƙashin Dokta Rupert East. Daga cikin ayyukan da suka biyo baya akwai Ikon Allah na East da Abubakar Imam, wanda ya yi bayanin halittu da tsirrai da sararin sama. Sunan littafin kansa hikima ne, domin ya gabatar da kimiyya a matsayin duban ikon Mahalicci, abin da ba zai sa uba ya ƙwace littafin daga hannun ɗansa ba. Haka nan Bala da Babiya na Nuhu Bamalli ya koyar da tsafta da kiwon lafiya ta hanyar labari.

A shekarun 1950 gwamnatin Jihar Arewa ta ƙaddamar da Yaƙi da Jahilci, aka kafa hukumar NORLA domin samar da littattafai masu araha da jaridun larduna. Ta lardin Kano ita ce Sodangi. An buɗe azuzuwan manya a garuruwan hakimai da dagatai, kuma a nan ne magidanta da yawa suka fara karanta ƙasidu a kan noman gyaɗa da auduga da rigakafin cututtuka. Daga baya masana aikin gona na Samaru da malaman gona na hukumar KNARDA suka ci gaba da raba irin waɗannan ƙasidu.

A 1977 gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare na kimiyya guda biyu, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa. Waɗannan makarantu sun yaye likitoci da injiniyoyi masu yawa, cikinsu har da 'ya'yan manoman wannan yanki. Littattafan da suka yi tashe a wurinsu su ne irin New School Chemistry na Ababio da Modern Biology da littattafan Nelkon na fiziya. To amma duk da Turanci aka rubuta su. Ɗalibi ba zai iya zama a dandali ya karanta wa mahaifinsa su ba, kamar yadda ɗalibin zaure ke yi da Risala. Wannan shi ne dalilin da ya sa, a cikin fannoni ukun da nake magana a kansu, kimiyyar zamani ce ta fi ƙarancin littafin da ya zama na kowa. Tun bayan Ikon Allah da wuya a nuna wani littafin kimiyya na Hausa da ya yi irin tashensa, kuma ana ganin sakamakon wannan giɓi duk lokacin da aka zo batun rigakafi ko amfani da maganin feshi a gona, inda jita-jita kan riga bayani isa.

5.0 Ƙagaggun Labarai

5.1 Zamanin Imam Da Takwarorinsa

Kafin littafi akwai tatsuniya, wadda kaka ke yi wa jikoki da dare, da labaran da fatake ke kawowa. A 1933 Hukumar Talifi ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shehu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida da East. Tsakanin 1937 da 1939 kuma aka buga Magana Jari Ce cikin littattafai uku.

Dalilin karɓuwar Imam a karkara a fili yake. Shi ɗan malamai ne, ya san zaure, har ma rikicin Alhaji Imam da Malam Zurƙe a Ruwan Bagaja yana da kama da salon Muƙama ta Hariri da malamai suka sani. A Magana Jari Ce ya ɗebo labarai daga Dare Dubu da Ɗaya da tatsuniyoyin Indiya da na Turai, ya sa musu rigar Hausa, ya kuma yanka su gajeru-gajeru a bakin aku, kowane daidai zaman hira guda. Littafi ne da aka gina domin kunne. Na sha jin dattawa a ƙasar Bichi da Dawakin Tofa suna ba da labarin Kalala da Kalalatu ko na Sarkin Zairana tiryan-tiryan, alhali ba su yi boko ba, ɗa ko ƙane ne ya karanta musu a gaban fitilar aci-balbal. Shirin ba da ilimin firamare kyauta na 1976 ya ƙara yawan irin waɗannan yara masu karanta wa manya, littattafan kamfanin NNPC na Zariya, wanda aka kafa a 1966, suka bazu, ciki har da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa da Tauraruwa Mai Wutsiya na Umaru Dembo, wanda ya gwada haɗa labari da ilimin sararin sama.

5.2 Adabin Kasuwar Kano

A 1980 NNPC ta buga littattafai uku da suka ci gasarta, wato Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. A wannan shekara ce kuma gwamnatin Muhammadu Abubakar Rimi ta kafa Hukumar Ilimin Manya ta Jihar Kano, wadda ta koya wa dubban manya, maza da mata, karatu da rubutu. Sai ga masu karatu sun yawaita a daidai lokacin da tattalin arziki ya karye, musamman bayan shirin tsuke bakin aljihu na 1986, takarda ta yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja da baya.

Matasa suka cike wannan gurbi da kansu. Marubuci ya haɗa kuɗinsa, ya kai ƙaramar maɗaba'a, ya raba labarin kashi biyu ko uku domin kuɗin kowane kashi ya yi sauƙi, ya kai wa dillalai a kasuwar Sabon Gari. Balaraba Ramat Yakubu ta fitar da Budurwar Zuciya a 1987, sannan Alhaki Kuykuyo Ne da Wa Zai Auri Jahila? a 1990. Ado Ahmad Gidan Dabino ya fitar da In Da So Da Ƙauna a 1991, Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa kuma ta yi suna da Allura Cikin Ruwa. Masana suka yi ta muhawara a jaridu. Ibrahim Malumfashi ya kira su Adabin Kasuwar Kano, yana ganin ba za su daɗe ba, Abdalla Uba Adamu kuma ya kare su da cewa sun sa matasa karatu da harshensu.

A karkara waɗannan littattafai sun sami wurin zaman da ba a taɓa yi wa littafin boko tanadinsa ba, wato ɗakin mata. 'Yan makarantar kwana kan zo da su hutu, masu shaguna a garuruwa irin Bichi da Ɗambatta da Gezawa suna ba da hayarsu a kan kuɗi kaɗan, yara masu talla suna kaiwa gida-gida. Wadda ta iya karatu sai ta karanta wa kishiyoyi da maƙwabta ana saƙar hula ko ɓarar gyaɗa. Gidajen rediyo ma suka riƙa karanta su. Abubuwan da suke magana a kai, wato auren dole da kishi da saki da karatun 'ya mace, su ne ainihin abin da ke damun masu sauraron. Wannan ne ya ba su ƙarfi, shi ne kuma ya jawo musu suka daga iyaye da malamai masu ganin suna ɓata tarbiyya. A 2001 aka kafa Hukumar Tace Fina-finai da Ɗab'i ta Jihar Kano, a 2007 kuma hukumar A Daidaita Sahu ta jagoranci ƙona wasu daga cikinsu a bainar jama'a. Duk da haka Alhaki Kuykuyo Ne ya kai ga an fassara shi da Turanci an buga a Indiya a 2012.

Daga tsakiyar shekarun 2010 kasuwar bugaggen labari ta ja baya ƙwarai. Marubuta sun koma sakin labari ta WhatsApp da Facebook da Wattpad, wasu kuma suna karanta shi da murya a YouTube, masu cajin waya a ƙauyuka suna tura wa mutane a katin waya. Idan aka duba da kyau, tsohuwar al'adar nan ce ta saurare ta dawo da sabuwar riga.

6.0 Halin Da Waɗannan Littattafai Suke Ciki

Abin da ya kamata ya dame mu shi ne, littafin da aka fi karantawa shi ne aka fi saurin rasawa. Rubuce-rubucen hannu na Larabci da ajami da ke gidajen malamai suna fama da gara da yoyon ɗaki da gobara. Wani lokaci idan malami ya rasu akan raba littattafansa a gado, littafi ɗaya mai falle-falle ya rabu gida biyu ko uku, ya tashi daga amfani. Littattafan bugun Kurmi da na soyayya kuwa a takarda marar ƙwari aka buga su, da yawa ba su da shekarar bugu, kuma sun ƙare a hannun masu ƙosai da tsire. Abin kunya ne a ce ɗaya daga cikin muhimman ayyukan tattara sunayen ƙagaggun labaran Hausa na 1987 zuwa 2002 a Landan aka yi shi, ƙarƙashin Graham Furniss da abokan aikinsa, aka buga a 2004.

Saboda haka ina ba da shawarwari uku. Na farko, a haɗa kai da hakimai da dagatai da limamai a rubuta sunayen littattafan da ke gidajen malamai a kowace gunduma, a ɗauki hotonsu a inda suke, a bar wa masu su kayansu, domin tsoron ƙwacewa shi ke sa mutane ɓoyewa. Na biyu, a tanadi wuri a Kano da za a ajiye aƙalla kwafi ɗaya na kowane littafin bugun kasuwa, na addini da na labari, ba tare da an ce wannan ya cancanta wancan bai cancanta ba, domin aikin ma'adana daban, aikin mai tacewa daban. Na uku, a yi hira da tsofaffin masu sayar da littattafai na Kurmi da Sabon Gari da kasuwannin ƙauye tun suna raye, domin su kaɗai ne suka san littafin da ya fi tafiya, da lokacin da ya fi tafiya, da irin mutanen da ke sayensa.

7.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata za a ga cewa manoman arewacin Kano sun yi ɗaruruwan shekaru suna hulɗa da littafi. Littattafan addini sun sami zaure da masallaci da Islamiyya, ƙagaggun labarai sun sami dandali da ɗakin mata da rediyo, tsohuwar kimiyyar taurari ta sami bakin liman. Kimiyyar zamani ce kaɗai har yanzu ba ta sami mai karanta ta da Hausa a gaban jama'a ba. Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Idan masana na wannan zamani suna son iliminsu ya isa ga mai fartanya, sai su dubi yadda Ahalari da Magana Jari Ce suka isa gare shi, wato a rubuta a taƙaice, da harshen da yake ji, a kuɗin da zai iya biya, kuma yadda zai yi daɗin saurare. Allah Ya sa mu dace, amin.